Wa Ya Faɗa, Ga Wa, Don Me? Jagora ga Mai Shirin Kundin Digiri a Fannin Tarihi

Duk shekara idan sababbin ɗaliban digiri na biyu suka shigo, akwai takardar da nakan san abin da ke cikinta tun kafin a miƙo mini. Shafi biyu ce ko uku, a samanta an rubuta: tarihin gari kaza, daga kafuwarsa zuwa yau. Ɗalibin yakan ɗosana a bakin kujera yana jiran in ce madalla. Ni kuwa tambaya ɗaya nake yi masa: mene ne ba ka sani ba game da wannan gari, wanda rashin saninsa yake damun ka? Yawanci sai ɗakin ya yi tsit. Wannan shirun ba abin kunya ba ne. A digirin farko an horar da shi ne ya riƙe abin da masana suka gano, ya mayar musu a ranar jarrabawa. Yanzu kuma so ake ya koyi yadda ake ganowa, kuma wannan sana'a ce mai zaman kanta, da kayan aikinta da ladubbanta.

Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da nake bi da ɗalibaina tun daga ranar da suka kawo jigo har ranar da za su zauna gaban masu jarrabawa su kare kundi. Mai digiri na biyu da mai digirin digirgir duk hanya ɗaya suke bi, sai dai gonar ɗaya ta fi faɗi, kuma ana sa ran garmarsa ta fi nitsewa.

Da tambaya ake farawa. "Haraji a zamanin mulkin mallaka" jigo ne, kuma jigo kaɗai ba ya gaya maka takardar da za ka ɗauka da wadda za ka bari. Za ka shekara biyu kana tari, ɗaki ya cika, kundi bai motsa ba. Amma idan ka ce, me ya sa manoman gunduma ɗaya suka riƙa ƙaura suna tsallaka iyaka tsakanin 1908 da 1920, kuma ina hannun sabon tsarin haraji a wannan ƙaura, to ka samu abin da zai ja ka. Tambaya mai kyau tana da katanga uku: wuri, lokaci, da mutanen da ake magana a kansu. Kuma tilas ta kasance mai iya ba ka amsar da ba ka so. Idan tun yau ka san abin da babin ƙarshe zai ce, to kana neman shaidun da za su mara maka baya ne, ba ka fara bincike ba tukuna.

Kafin ka rubuta takardar neman amincewa da jigo, ware mako biyu ka je ka ga madogaran, wato takardu da sauran shaidun da za ka kafa hujja da su, da idonka. Kada ka dogara da cewa an ce maka akwai fayiloli. Na ga ɗalibin da aka amince da jigonsa, sai bayan wata takwas ya gano rajistocin kotun da ya gina komai a kansu gara ta cinye su tun da daɗewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Karatun ayyukan magabata kuwa, yawancin ɗalibai sukan mayar da shi jerin gwano: wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, shafi ashirin. Ka karanta su a matsayin mutanen da ke gardama da juna, ka gano a kan me suke gardamar, sannan ka nemi inda za ka tsaya. A 1963 Hugh Trevor-Roper, babban farfesan tarihi a Jami'ar Oxford, ya fito fili ya ce Afirka ba ta da tarihin da za a koyar sai na Turawan da suka shigo ta. Alhali tun 1950 Kenneth Dike ya kammala digirin digirgir a Landan a kan ciniki da siyasar yankin Neja Delta, aka buga aikin a 1956, kuma shi ne ya tsaya tsayin daka har aka kafa ma'adanar takardun tarihi ta Najeriya a 1954. Wanda ya san wannan gardama zai fahimci dalilin da ya sa Dike da sauran masanan Jami'ar Ibadan na wancan zamani suka duƙufa a kan dauloli da sarakuna: so suke su nuna akwai mulki da tsari kafin zuwan Bature. Zai kuma fahimci dalilin da ya sa waɗanda suka biyo baya suka ce to ina manomi, ina bawa, ina mace a wannan labari? Idan ka ɗauki littafin masani, karanta gabatarwa da kammalawa, sannan ka sauka ƙasan shafi ka ga da me ya kafa hujja. Ni nakan fara da ƙasan shafin ma. Bayan ka gama, rubuta layi uku kacal: me ya yi da'awa, da wace shaida, me ya bari bai taɓa ba.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, domin nan ne zuciyar horon gaba ɗaya. Duk madogarar da ta zo hannunka, rubutacciya ce ko ta baka, yi mata tambayoyin nan kafin ka kwafi ko da kalma ɗaya: wa ya faɗa, yaushe, ga wa yake faɗa, me yake so ya samu, kuma ta wace hanya maganar ta iso gare ni?

A jami'o'i akan jingina wannan hanya ga Leopold von Ranke, Bajamushen da ya fara koyarwa a Jami'ar Balin a 1825, wanda ya riƙa zaunar da ɗalibai kaɗan kaɗan suna warware takardun asali tare. Daga wurinsa tsarin zaman ƙara wa juna sani da muke yi a yau ya bazu. Amma wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya riga ya san ƙashin bayan abin: ana bin isnadi, ana duba ko wane ya riski wane, ana auna gaskiyar mai ruwaya da ƙarfin haddarsa. Ibn Khaldun kuma, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya ƙara wani ma'auni: ko da masu ruwaya amintattu ne, a tambaya, shin abin da aka ruwaito zai iya faruwa a yadda duniya take tafiya? Ya ɗauki adadin da Mas'udi da wasu marubuta suka kawo, cewa mayaƙan Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun kai 600,000. Sai ya ce daular Farisa ta fi su girma nesa ba kusa ba, amma rundunar da Rustum, kwamandan Farisawa, ya tara a yaƙin Ƙadisiyya 120,000 aka ce. Ya ce wane fili ne zai ɗauki sahun mutum 600,000 har ɓangare ɗaya ya san abin da ɗayan ke ciki? Ya kuma ƙirga kakannin da ke tsakanin Annabi Musa da Annabi Yaƙub ya ga huɗu ne, ya ce zuriya ba ta yaɗuwa haka a tsatso huɗu. Wannan shafi nake fara miƙa wa kowane ɗalibi ya karanta, domin bayansa ba zai sake ganin adadin sojoji ko na ganima a littafi ya kwafa ido rufe ba.

Gwajin farko na jikin takardar ne: da gaske ita ce abin da take cewa ita ce? A 1440 Lorenzo Valla, wani masani ɗan Italiya, ya tona asirin wata takarda da aka yi ƙarnoni ana cewa Sarkin Rum Kwanstantin ne ya rubuta ta a ƙarni na 4, yana miƙa wa Fafaroma mulkin yammacin daularsa. Da harshe ya kama ta: Latin ɗin ba na zamanin ba ne, akwai kalmomin muƙamai da Rumawan lokacin ba su amfani da su. A 1983 mujallar Stern ta Jamus ta sanar da cewa ta samu littattafan da Hitler ke rubuta al'amuransa na yau da kullum, kusan 60. Trevor-Roper ɗin nan dai ya duba ya ce na gaske ne. Cikin makonni kaɗan masu gwaji na ma'adanar gwamnatin Jamus suka nuna takardar tana ɗauke da sinadarin da ba a fara sa wa takarda ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wani mai suna Konrad Kujau ne ya zauna ya rubuta su da hannunsa.

Kada ka ɗauka wannan matsalar Turai ce. Tarikh al-Fattash, wanda aka buga a Faris a 1913, an daɗe ana ɗaukarsa aikin Mahmud Ka'ti, malamin zamanin Askiya Muhammadu na Songhai. A cikinsa akwai bushara cewa wani halifa na goma sha biyu mai suna Ahmad zai bayyana a Masina, cikin ƙasar Mali ta yau. Tun 1971 Nehemia Levtzion ya nuna an yi wa littafin cushe, sannan a 2020 Mauro Nobili ya fitar da cikakken bincike cewa Nuhu ɗan Ɗahiru, wani babban malami na daular Hamdallahi, shi ya ɗauki wani tarihi na ƙarni na 17 ya sake gina shi a ƙarni na 19 don ya ƙarfafa halifancin Ahmad Lobbo, wanda ya kafa daular a Masina. Abin da nake so ka lura da shi: gano haka bai mayar da littafin shara ba. Ya sauya tambayar da za a yi masa ne. Da ana tambayarsa labarin Songhai kawai, yanzu ya zama shaida mai ƙarfi a kan yadda Hamdallahi ta nemi halasta mulkinta.

Idan rubutun hannu ne a gabanka, na Larabci ko ajami, ɗaga takardar ga haske. Sau da yawa za ka ga tambari a cikin jikinta, jinjirin wata uku a jere, ko sunan Andrea Galvani, masu masana'antar takarda a arewacin Italiya da hajarsu ta cika Afirka ta Yamma a ƙarni na 19. Takardar da aka yi a ƙarni na 19 ba za ta zama rubutun hannun malamin ƙarni na 16 ba, sai dai kwafi. Duba ƙarshen littafin kuma, inda mai kwafi yakan rubuta sunansa da ranar da ya gama, ka bambance shi da mawallafi.

Gwaji na biyu ya fi wuya, domin takarda tana iya zama ta gaske amma maganar cikinta a karkace. Ɗauki Tarihin Kano da H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908. Ɗalibai da yawa sukan rubuta cewa Bagauda ya hau sarauta a 999 kamar wani ya tsaya a wurin ya rubuta ranar. Littafin tsawon mulkin kowane sarki ya bayar, Palmer ne ya yi lissafi da baya da baya har ya kai wannan shekara. Idan an yi kuskure a sarki ɗaya, duk na gabansa sun goce. Su kansu masana ba su haɗu a kan lokacin da aka rubuta shi ba: Murray Last yana ganin akwai tsohon tushe daga ƙarni na 17 da aka riƙa ƙara wa, John Hunwick kuma ya karkata ga cewa a ƙarshen ƙarni na 19 aka tsara shi. Ba a ce kada ka yi amfani da shi ba. Ka gaya wa mai karatu abin da ka sani game da haihuwarsa, da ɓangaren da ka bi, da dalilinka. Marigayi Yusufu Bala Usman ya yi irin wannan aiki a kan Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Katsina a 1851: ya bi diddigin su wa Barth ya zauna da su, su wa suka ba shi labari, da wane tunani ya taso daga Turai, kafin a karɓi hukuncinsa a kan garin. Matafiyi yana ganin abin da masu masaukinsa suka nuna masa, ta bakin tafintan da ya samu.

Bari in ba ka abin da ya same ni. Ina digiri na biyu, na rubuta shekarar da wani hakimi ya hau sarauta, na kafa hujja da madogara uku: rahoton wani Di'o, wani ɗan littafin tarihin lardi da aka buga bayan shekaru masu yawa, da hirar da na yi da wani dattijo. Malamin da ke duba aikina ya zagaye wurin da jan biro, ya rubuta a gefe: "Uku ne, ko ɗaya ce ta haifi biyu?" Na koma na jera su. Littafin daga rahoton ya kwafo, har da kuskuren da Di'on ya yi wajen rubuta sunan mahaifin hakimin. Na sake komawa wurin dattijon, bayan gaisuwa na ce, "Baba, wannan shekarar da kuka faɗa mini, a wurin wa kuka ji ta?" Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da littafin nan nannaɗe a tsumma, bangonsa ya rabu, ya ce ɗansa ne ya karanta masa shi. Shaida ɗaya ke gare ni, kuma ta baƙon da bai fi 'yan watanni a gundumar ba. Tun daga ranar, idan madogara biyu suka yi daidai, nakan fara bincika ko ɗaya ta sha daga ɗaya kafin in yi murna.

Shiga ma'adana kuma yana da nasa ladabin. Ranar farko kada ka nemi fayil ko ɗaya. Zauna da kundin jerin fayiloli ka fahimci yadda hukumar da ta haifi takardun take aiki, domin yadda ofis yake haka takardunsa suke jeruwa. A ma'adanar Kaduna, alal misali, takardun sakatariyar lardunan Arewa suna ƙarƙashin SNP, na larduna kuma kowanne da nasa, irin su KANOPROF da SOKPROF da ZARPROF. A ma'adanar Birtaniya da ke Kew, wasiƙun da suka shafi Arewacin Najeriya kafin haɗewar Arewa da Kudu ta 1914 suna CO 446, na Najeriya bayan haka suna CO 583. Magana ɗaya tana iya tashi daga Di'o zuwa Razdan zuwa Gwamna zuwa Landan, kuma a kowane mataki ana goge mata wani abu. Bi ta tun daga ƙasa. Kada ka tsallake 'yan rubuce-rubucen gefe da takardun sharhi da ke gaban fayil, inda jami'ai ke magana da junansu. A nan sukan faɗi abin da ba za su sa a rahoton shekara ba. Ka girmama ma'aikatan wurin, ka gaya musu abin da kake nema dalla-dalla. Wani ya shekara ashirin yana ɗaukar waɗannan akwatuna, ya san abin da kundin jeri bai sani ba.

Idan an yarda ka ɗauki hoto, fara da bangon fayil mai ɗauke da lamba, sannan shafuka bi da bi, kada ka tsallake. A daren ranar ka zuba su a kwamfuta, ka sa wa kowane rukuni lambar fayil ɗinsa, ka ajiye kwafi a wuri biyu daban. Manhajar Tropy kyauta ce kuma don wannan aikin aka yi ta, Zotero kuma tana riƙe maka bayanan littattafai da maƙalu. Hoto dubu uku marasa lamba daidai suke da babu. A littafin rubutunka kuma ka ware abu uku da alama daban daban: kalmomin takardar kamar yadda suke, taƙaitawarka, da ra'ayinka. Mafi yawan satar fasahar da nake kamawa ba da gangan aka yi ta ba, daga nan take tasowa, ɗalibi ya dawo bayan shekara ya kasa bambance maganarsa da ta wani.

Ka riƙa tambaya kuma, me ya sa wannan ya tsira, me ya ɓace? A 2011, sakamakon ƙarar da wasu dattawan Kenya suka shigar kan azabar da aka yi musu a zamanin boren Mau Mau na adawa da mulkin mallaka, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa tana ɓoye da dubban fayiloli a wata cibiyarta da ke Hanslope Park a Ingila, waɗanda aka kwashe daga ƙasashe 37 da ta yi wa mulkin mallaka gab da ba su 'yanci. Wasu takardun ma ƙona su aka yi. Masana sun yi kusan shekaru hamsin suna rubutu ba su san da su ba. Don haka rashin ganin abu a fayil ba ya nuna bai faru ba. Talaka kuma ba kasafai yake rubuta wasiƙa ga Gwamna ba, amma za ka same shi a rajistar kotun alƙali, a takardar rabon gado, a ƙorafin haraji, a jerin waɗanda suka gudu. Takardun da ba a rubuta su don tarihi ba sukan fi gaskiya a kan abin da suka ambata a kan hanya.

Tarihin baka fa? Jan Vansina, masanin tarihi ɗan Beljiyam wanda ya yi aiki cikin al'ummar Kuba a Kwango, shi ya shimfiɗa ƙa'idojinsa a littafin da ya fitar a 1961, ya sake shi gaba ɗaya a 1985. Abu na farko, bambance wanda ya gani da idonsa da wanda ya gaji labari daga kakanni, domin awonsu ba ɗaya ba ne. Labarin gado yakan yi kauri a farkon kafuwa, ya yi kauri a kusa da yau, tsakiya kuma ta zama siririya. Jerin sarakuna yakan haɗiye waɗanda aka tuɓe ko waɗanda zuriyarsu ta rasa sarauta, wani lokacin kuma a mayar da 'yan'uwa biyu uba da ɗa, shekaru su ƙaru.

Kafin ka kunna na'urar naɗar murya, gaya wa mutum ko kai wane ne, me za ka yi da maganarsa, ka nemi izininsa, ka tambaye shi ko yana so a ambaci sunansa. Idan ya ce kashe, ka kashe. Kada ka sa masa amsa a baki. "Ashe ba a zamanin wane aka gina ganuwar ba?" tambaya ce da mai kunya zai amsa da "haka ne" don ya girmama baƙo. Ka ce, "Me kuka ji game da ginin ganuwar?" sannan ka yi shiru, ka jure shirun. Kada ka tsaya ga fada kaɗai. Idan an tara maka dattawa a gaban mai sarauta, murya ɗaya za ka ji ko da mutum goma ne suka yi magana. Bi su ɗaya bayan ɗaya a gidajensu, ka nemi gidan da ya rasa sarauta, ka nemi maƙera da marina da mawaƙa, ka nemi tsofaffin mata, waɗanda sau da yawa su ne ke riƙe da salsalar aure da dangantaka. Idan al'ada ba ta ba ka damar shiga ba, nemi abokiyar aiki ka horar da ita. Wajen shekaru kuwa, kada ka matsa wa tsoho ya ba ka lamba. Jingina da abin da aka san ranarsa: kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ne ko bayansa, kafin yunwar 1913 zuwa 1914, kafin annobar murar 1918? Kowace hira ka rubuta ta a takarda cikin harshen da aka yi ta tun tana da ɗumi, fassara ta biyo baya.

Tunda an zo maganar shekaru: shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Don kimantawa, ninka shekarar Hijira da 0.97 ka ƙara 622. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1232, lissafin ya ba ka 1817. Amma shekarar Hijira ɗaya takan ratsa Miladiyya biyu, saboda haka idan ba ka da wata, rubuta duka biyun, idan kana da wata da rana kuma ka yi amfani da jadawalin juyawa. Turai ma ba ta tsira ba: wasu ƙasashe sun koma sabuwar kalanda a 1582, Ingila sai 1752, Rasha sai 1918, shi ya sa juyin juya halin Rasha na 1917 da ake kira na Oktoba ya faɗo a 7 ga Nuwamba.

Harshe kuwa babu gajeriyar hanya. Idan madogaranka da Larabci suke, ko ajami, ko Faransanci, ko Jamusanci, fara koyo tun zangon farko. Murray Last bai iya rubuta tarihin daular Sakkwato da aka buga a 1967 ba sai da ya zauna da wasiƙun Larabci na gidan Waziri. Mai dogara da fassara yana cin abin da wani ya tauna masa.

Fara rubutu tun kana tsakiyar bincike, domin rubutu ne ke nuna maka ramukan da suka rage. Kowane babi ya amsa yanki ɗaya na tambayarka, kuma ka iya faɗin amsar a jimla ɗaya kafin ka fara shi. Ka auna kalmominka da nauyin shaidarka: inda ka tabbata ka ce ya faru, inda ka rinjayar ka ce alamu sun nuna, inda madogara suka saɓa ka kawo su duka ka faɗi wadda ka fifita da dalili. Shaidar da ta ci karo da ra'ayinka kada ka ɓoye ta. Mai jarrabawa na waje zai iya saninta, kuma ko bai sani ba, amana ce. Kowace da'awa ta samu madogara a ƙasan shafi, cikakkiya yadda wani zai iya zuwa ya buɗe fayil ɗin ya ga shafin. Kada ka taɓa ambaton littafin da ba ka riƙe da hannunka ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sukan ƙago sunan littafi da marubuci da shafi waɗanda babu su a duniya, kuma na fara ganinsu a kundaye.

Malamin da ke duba aikinka, kai masa rubutu, ko shafi biyar ne, kada ka je da baki kawai. Bayan kowane zama rubuta abin da kuka amince a kai ka tura masa. Idan ya cika shafi da jan biro, aikinka ya karanta. Ka gabatar da babi a zaman ƙara wa juna sani tun bai nuna ba, inda gyara ba ya da tsada.

Ranar kare kundi tambaya ɗaya ba ta taɓa fashi: me ka ƙara a kan abin da aka sani? Shirya amsarta a jimla uku. Inda aka nuna maka kuskure na gaskiya ka karɓa, inda kake da hujja ka buɗe shafin ka nuna cikin ladabi. Bayan an sa hannu kuma, akwai sauran aiki biyu. Koma wurin mutanen da suka ba ka lokacinsu ka kai musu abin da ka rubuta, ko taƙaitawa ce a harshensu. Sannan ka miƙa kwafin muryoyin da ka naɗa ga ɗakin karatu ko cibiyar da za ta iya adana su, kowace da sunan mai magana idan ya yarda, da wurin, da ranar, da harshen da aka yi hirar, da duk sharaɗin da ya gindaya maka kafin ya buɗe baki.